Duwatsun Tsakar Gidan Inna

Shekarar da aka kankare ƙasar gidanmu a Abare saboda gubar dalma, aka zuba sabuwa, Inna ta ce ita ta gama yarda da ƙasa. Jikokinta biyu sun yi doguwar jinya.

"Ɗiyan ga ba su ƙara rarrafe bisa ƙasa," in ji ta. "Tunda gini ka iya, ka san yadda za ka yi."

Na samo falalen duwatsu daga wani tsauni a hanyar Bukkuyum, nesa da ramukan haƙar zinari. Amalanke bakwai na kwaso, na shimfiɗa su, na cike tsakaninsu da siminti. Damina ɗaya ta nuna mini ban gama ba. Dutsen shan ruwa yake yi kamar soso. Manja ya ɗiga ya zauna, gansakuka ta fito, har matata ta zame da tulu a ka.

Na shafa fenti mai sheƙi. Wata biyu ya ɓare kamar bawon albasa, yara suna tsinta suna kaiwa baki. Da wuƙa na kankare shi, dutse bayan dutse.

A Gummi na haɗu da wani tsohon magini da ya daɗe yana aiki a Sakkwato. Ya saurare ni, ya ce, "Kai rufe dutse ka yi. Akwai maganin da dutse ka sha, shi shige ciki, shi hana ruwa shiga. Amma sai dutsen ya bushe ƙayau, kwana ukku."

Wani direba ya kawo mini galan ɗaya na maganin daga Gusau. Fari ne kamar tsinkakkiyar madara. Na wanke duwatsun da buroshi, Inna ta mayar da murhunta zaure. A kwana na biyu aka sheƙa ruwa. Na sake wankewa, aka sake yin ruwa. Matata ta ce in bari sai kaka.

"Mi za a jira?" in ji Inna. "Aro tamfol."

Na aro uku wajen masu shanyar gero, na kafa rumfa, na bar gefe a buɗe don iska. Ranar da na shafa maganin, na fitar da yara gidan ƙanwata. Dutsen yana shanyewa ina ƙarawa, abin da ya rage a sama in goge da tsumma. Gwiwoyina sun yi kwana biyu ba sa miƙewa.

Da ya bushe, ba ka ganin komai a kai, har Inna ta zaci an cuce ni. Ta ɗauki buta ta tsiyaya. Ruwan ya dunƙule, ya gangara zuwa rariya. Ta sake tsiyayawa a wani wurin, sannan ta ce a maido mata da murhunta.

Kashi ɗaya cikin uku na galan ɗin ya rage. Ranar Juma'a na kai wa limamin unguwarmu, muka shafe dakalin alwala.