Ranar da Ban Dubi Gabas Ba

Wata Asabar ce a watan Oktoba, shekarar da nake aji biyar a firamare, ana gobe za a yi godiyar girbi a cocinmu da ke Romi. Kakata ta wajen uba, wadda kowa a unguwa yake kira Kaka, ta shimfiɗa tabarmi biyu a tsakar gida ta baza acca a kai. Daga ƙauye aka aiko mata da ita. Kwana huɗu ta yi tana surfe, tana bakace, tana rege ta a ƙwarya har babu tsakuwa ko ɗaya, domin matan zumunta sun ɗora mata dafa gwaten da za a ci bayan sujada. Duk wanda ya san acca ya san ƙwayarta ba ta fi yashi girma ba. Baba yana masaƙa a Kakuri, Mama tana kasuwar Sabo, gidan daga ni sai ita. Ina zaune a inuwar ƙofar gida da Ngozi 'yar maƙwabtanmu muna 'yar carafke, kuma ni ke ci.

A lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ni ke hango nunannen mangwaro a can ƙololuwa, ni ke fara ganin hedimasta da bulalarsa idan mun makara, ni ke tsinto allurar Mama in ta faɗi a ƙasa. Kaka har suna ta sa mini, Talatu mai idon shaho, kaina ya ƙara girma. Tun daminar shekarar da ta gabaci wannan ta soma wani abu da na ɗauka wasa ne. In za mu 'yar gonarta ta bakin rafi sai ta dafa kafaɗata, wai gwiwa ke damunta, ta riƙa jefo mini tambayoyi. "Wa ke tahowa can?" "Masarar can ta yi goyo?" Ni kuma in amsa da sauri kamar a aji, ta ce ashe dai ina lura. Na ga ta daina gaida mutane sai sun fara magana. Na ga a gona tana shafa ganye kafin ta sa fartanya, don ta raba gyaɗa da ciyawa. Na ga kullum a wuri ɗaya take ajiye ludayi da ashana, kuma ranta na ɓaci in an gusar da su. Duk na gani, amma ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Ranar, wajen ƙarfe biyu, ta kira ni daga tsakar gida. "Talatu, duba mini gabas. Na ji iskar ta canja." Duwatsu huɗu ke hannuna, na biyar yana sama, saura ƙiris in cinye Ngozi. Fita kawai zan yi daga inuwa in ɗaga kai. Ban fita ba. Na ce, "Garau yake, Kaka, ko gajimare babu." Sai na ji takunta ta shige ɗaki ta kwanta.

Ruwan ƙarshen damina ba ya sallama. Ba a jima ba gari ya rufe, iska ta yi awon gaba da bokiti, ruwa ya kece a kan kwano kamar da bakin ƙwarya. Na ruga ciki, daidai lokacin da Baba ya turo kekensa yana jiƙe sharkaf. A tsakiyar ruwan muka tarar da Kaka a durƙushe, tana ta tattarawa da hannu biyu tana zubawa a ƙwarya. Iska ta riga ta ja tabarmin zuwa gindin katanga, accar tana bin ruwa tana shiga kwata. Inda ta durƙusa, inda ta shimfiɗa su da safe, babu komai sai taɓo, kuma taɓon take kwasa. Baba ya saki keke. Ya je ya tsuguna gabanta, ya kaɗa hannunsa dab da fuskarta, ba ta ko ƙifta ba.

Da yamma, bayan Mama ta dawo, Baba ya tambayi Kaka tun yaushe idonta ya fara haka. Ta ce tun bara, hazo-hazo take gani, yanzu kuma sai haske da duhu kawai. Ta ɓoye ne don ta san ɗanta, ta san zai zaunar da ita. Da ya juyo kaina ya ce ina nake har hadari ya haɗu, sai Kaka ta tari numfashinsa. "Yarinyar ta gaya mini. Ni ce na yi nawa." Ina tsaye a bakin ƙofa, kunya kamar in nutse, amma ban buɗe baki ba. Washegari da shinkafa aka yi godiyar girbi, Baba kuma ya rataye fartanyar Kaka a can saman ɗaki inda hannunta ba ya kai. Duka gidan muka ce tsufa ne, ai tsufa ba shi da magani. An hana ta gona, an hana ta murhu, an hana ta zuwa coci ita kaɗai. Shekara biyu ta ƙara yi a zaune a kan benci, hannuwanta a cinya ba abin yi, har Ubangiji ya kira ta. Ba ta sake tambayata komai a kan hanya ba, ni ma ban taɓa ce mata ta yafe mini ba. Wannan yana ci mini rai har gobe.

Yau gidajen bulo sun cinye bakin rafin nan, masaƙar ta yi shiru, acca ma a leda nake sayen ta wankakkiya. Bara na raka surukata asibiti aka cire mata yanar ido, irin hazon nan da ya rufe idon Kaka. Aikin bai kai tsawon dafa tuwo ba. Washegari da aka ɓare mata filasta ta ƙura mini ido ta ce, "Ashe kin yi furfura, 'yata." Kowa ya yi dariya. Ni na fita baranda na yi kukan da ban yi ba ina aji biyar. Shekara guda Kaka ta yi tana aron idanuna, ban taɓa ɗaga su na dubi nata ba.