Mai Faɗin Mutuwa ta Limancin Kona

Har yanzu in waya ta yi ƙara kusa da ni sai in matsa daga wurin. Tawa tana ƙasan akwati a kashe tun rasuwar Baba, amma ko ta wani ce ta yi kuka a cikin mota sai in toshe kunnuwana. In abin da na gani a cikinta ya taso mini, dabarata ɗaya ce: in tilasta wa zuciyata komawa madafin gidanmu na Limancin Kona, zamanin da Iya, mahaifiyar Baba, take yi mana tatsuniya.

Da damina aka fi yi. In an sauke tuwo an yi isha'i, ruwa yana dukan kwano, sai mu taru a madafi, jikokinta da 'ya'yan maƙwabta, domin nan ne kaɗai ake samun ɗumi. Iya tana kan kujerarta 'yar tsugunno, tana juya masara a garwashi da yatsunta kamar ba wuta ba ce. Ni ce kullum a manne da ita, don ko kyanwa ce ta taka kwano sai na ƙanƙame zanenta. Takan ture ni da gwiwa ta ce Hafsatu sarauniyar matsorata, wai ranar da za a kai ni gidan miji sai an haɗa da wanda zai riƙa raka ni banɗaki. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran kakanni suke buɗewa. Ita sai ta ce, “Na tsinto wata a gindin ganuwa.” Mu kuma mu ce ta kakkaɓe ta mu gani.

A unguwa an san Iya da abu ɗaya. In an yi rasuwa, kuma akwai uwa ko mata ko 'ya da ba ta sani ba tukuna, Iya ake aiko wa. Ba wanda ya naɗa ta, ba a kuma ba ta komai. Sai dai mu ga wani ya yi sallama a zaure, an yi magana ƙasa-ƙasa, ta yafa mayafi ta ɗauki lema ta fita, ko da tuwonta yana gabanta. In ta dawo ba ta magana da kowa sai ta yi alwala. A irin waɗannan ranakun ne take ba mu wata tatsuniya da ba mu so, domin babu dodo a cikinta, babu kuma abin dariya.

Wai a wani gari an yi wata tsohuwa da take kai labarin mutuwa. Tafiyarta a hankali, da sandarta. In ta isa gida ba ta faɗa daga tsaye. Takan yi sallama, ta ce a ba ta tabarma, ta ce a ba ta ruwa. Ta duba abin da yake hannun matar gidan: in wuƙa ce ta sa a ajiye, in tukunya ce ta sa a sauke, in goyo ne ta karɓa. Ta tambayi damina, ta tambayi yara. Sannan ta ce wane ba ya jin daɗi. Ta dakata. Ta ce jikin ya yi tsanani. Ta sake dakatawa, har sai matar da kanta ta tambaya. Iya takan ɗaga yatsa a nan ta ce, “Ba ke za ki faɗa ba. Ke dai ki raka ta har bakin maganar, ita za ta shiga da ƙafarta.”

Sai mutanen garin suka fara ƙorafi, wai tsohuwa ta cika nawa. Hankaka ya ce shi zai riƙa yi musu aikin, kuma ba ya son lada. Da an mutu sai ya tashi sama ya kwarara sunan mamacin, gari duka ya ji lokaci guda. Ranar farko wani magini yana kan soro ya ji sunan ɗansa. Rana ta biyu wata mai ciki tana jan guga a bakin rijiya ta ji na mijinta. Iya ba ta taɓa faɗa mana abin da ya same su ba, sai ta juya masara, mu ƙarasa da kanmu. Da hankaka ya ga duk gari shi ake ɗaga kai ana kallo, sai ya daina jira ma rai ya gama fita. Daga baya mutane suka je suka ba tsohuwa haƙuri, ta ce ƙafarta tana nan, sandarta tana nan, amma ta je ta faɗi me, alhali kafin ta ɗaura zane an riga an ji.

Ladidi, 'yar Gwaggo Binta ƙanwar Baba, ita ce mai baki a cikinmu. Kullum sai ta tambaya me ya sa ba a harbe hankakan da gwafa ba. Iya ta ce wa zai harbe shi, ai hatsi suke watsa masa, domin kowa yana son ya riga maƙwabcinsa ji, muddin ba sunan nasa aka kira ba. Ladidi ta ce wannan tatsuniya ba ta da daɗi, a biya mu da wata. Iya ta ce ta mayar da ita inda ta tsinto ta, mai son wata ya kawo tasa masarar.

Mun girma, wayoyi suka shigo gida ɗaya bayan ɗaya, madafi ya koma wurin girki kawai. Jikokin da suka biyo bayanmu a ɗaki suke kwanciya kowa da haske a fuskarsa. Aiken da ake yi wa Iya ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Yanzu kafin a rufe wa mutum ido an ɗora hotonsa da salati a ƙasa. Ita dai ta ƙi waya. Baba ya taɓa sayo mata ƙarama, ta ce ya ba wanda yake da abin faɗa.

Baba ɗinkin manyan riguna yake yi, yana kai wa 'yan kasuwa a Kano. Ranar da abin ya faru ya fita da sassafe da ƙunshin kaya. Ni ina shagon da nake koyon ɗinki a Tudun Jukun, wajen hantsi, na buɗe guruf ɗin 'yan ajinmu na sakandare don in ga maganar ankon bikin wata. Sai ga bidiyo an turo. Mota a kife a gefen titi, mutane a kwance a kan ciyawa, mai ɗauka yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana kusanto da wayar. Ina jin muryarsa har yau. Ba mugun mutum ba ne, kuka ma yake yi. Cewa yake a tura wa jama'a ko Allah zai sa 'yan'uwansu su gani. Na uku a layin Baba ne. Hularsa ba ta kansa. Ban taɓa ganin Baba a waje ba hula ba.

Ban san na faɗi ba sai da na ji ana yayyafa mini ruwa. Wayata tana ta ƙara, Umma ce, mahaifiyata, ba magana take yi ba, ihu kawai. Ita ma ta gani. Nan take Iya ta faɗo mini a rai. Duk gidan ita kaɗai ce ba ta da waya, ita kaɗai ce ta rage da za a iya zaunar da ita a faɗa mata kamar mutum, ga ta da hawan jini. Na fita ba takalmi na tare ɗan acaɓa, ina roƙonsa ya yi sauri. Duk wanda muka wuce a hanya kansa a sunkuye yake a kan waya, ni kuwa gani nake kowa Babana yake kallo.

An riga ni. Maƙwabciyarmu Maman Walida ta shigo da gudu tun ina hanya, ta tarar da Iya tana tsince shinkafa, ta kai mata wayar har fuska tana cewa ta duba mata don Allah, wannan ba Malam Sani ba ne? Ba da mugunta ta yi ba, so take a ce mata ba shi ba ne. An ce Iya ta kalla har ƙarshe, ta miƙa mata wayarta, ta ci gaba da tsince shinkafa.

Haka na same ta. Gida ya cika da mata, ɗakin Umma ba masaka tsinke, Iya kuwa tana bakin ƙofarta da faranti a cinya. Duk wadda ta durƙusa ta ce ya haƙuri, sai Iya ta dube ta ta ce, “Haƙurin me? Ni ba wanda ya zo ya faɗa mini komai.”

Bayan azahar aka kawo shi. Aka yi masa wanka aka suturta shi a ɗakin zaure, aka aiko a kira mahaifiyarsa ta zo ta yi masa addu'a ta yafe masa kafin a fita da shi. Iya ta ce wa za ta yafe wa, ɗanta yana Kano. Gwaggo Binta ta faɗi a gabanta tana kuka tana cewa Yaya ya mutu, Iya, ya mutu, ga shi can a kwance. Ko kallonta ba ta yi ba. Wasu suka ce a kawo rubutu, wasu suka ce a kira likita, kanta ya taɓu. Daga waje maza suna aikowa cewa jama'a sun taru, hadari yana haɗowa, ba za a ajiye gawa ana jira ba. Na tabbata in aka fita da Baba ba ta sa masa albarka ba, Iya ba za ta sake zama daidai ba har ta bi shi.

Ban yi shawara da kowa ba. Na yafa mayafi na fita har ƙofar gida, na juyo na yi sallama kamar baƙuwa. Iya ta amsa. Na ce a ba ni tabarma. Ladidi ce ta fara ganewa, ta sa matan suka ja baya, ta shimfiɗa mini. Na ce a ba ni ruwa. Na sa hannu na ɗauke farantin daga cinyar Iya na ajiye gefe, ta bar ni. Na gaishe ta, na tambaye ta damina, ta ce alhamdulillahi. Na ce Baba ne ya yi haɗari a hanya.

“Kin yi sauri,” in ji ta, a hankali, yadda take gyara mini in na zuba gishiri da yawa. “Sha ruwanki tukuna.”

Na sha. Na ce Baba ne ba ya jin daɗi. Ta ce Allah ya sawwaƙe. Muka zauna. Ina jin tarin maza a zaure, ina jin iska ta fara kaɗa kwano. Na ce jikin ya yi tsanani, Iya. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta kamo hannuna, ta riƙe da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

“Ya cika?”

“Ya cika, Iya.”

Ta yi salati, ta ce in tashe ta. Ni na kai ta har gaban makara. Ta dafa shi ta ce ta yafe masa duniya da lahira, bai taɓa saɓa mata ba. A nan ne ta yi kuka.

Da muna yara na ɗauka tatsuniyar nan a kan mugun tsuntsu take. Yanzu na ga babu mugu ko ɗaya a cikin abin da ya same mu. Wanda ya ɗauka taimako yake nufi, wadda ta turo guruf addu'a ta nema, Maman Walida har yau ba ta iya haɗa ido da mu. Kowa alheri ya yi niyya, amma babu wanda ya san abin da yake hannun wanda zai buɗe, ko wuƙa ce, ko goyo. Kuma bidiyon yana nan. Ladidi ta ce har bayan sadakar arba'in ta gan shi a wani wuri, an sa masa waƙa, an ce wai a wata jiha abin ya faru. Mun binne Baba, amma a wayoyin mutanen da ba su san sunansa ba yana nan kwance a kan ciyawa.

Iya ta rame ƙwarai, ba ta cika fitowa ba. Kwanan baya ina shafa mata man zafi a ƙafa ta ce tana da roƙo. Ta ce ranar da tata mutuwar ta zo, kada in tsaya kuka, in yafa mayafi in tafi Ƙofar Jatau da ƙafata in faɗa wa Binta, domin Binta ba ta da ƙarfin zuciya, kuma kullum tana bakin wuta tana suyar awara. Ta ce in tabbatar ta sauke kaskon.

Na ce to, Iya.

Daga gidanmu zuwa gidan Gwaggo ba nisa, na sha zuwa aike in dawo ruwa bai tafasa ba. Tun ranar nake auna hanyar a zuciyata, ina neman lungun da ya fi kusa. Amma in na dubi tsakar gidanmu, na ga yawan hannayen da suke riƙe da waya, sai tsoro ya rufe ni. Na yi mata alkawari, kuma zan yi gudu iyakar ƙarfina. Abin da nake roƙon Allah kawai shi ne, ranar ta tarar Gwaggo ba ta ɗora mai a wuta ba.