Zaren riƙo

Da na gama karatun kwamfuta na dawo Wurno, wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ni aiki. Rumbun bayanai muke ginawa don masu rigakafi a Wurno da Rabah da Goronyo. Kowane mutum ɗigo ne a cikinsa, kowace dangantaka kuma zare. Idan kyanda ta ɓulla a wani gida, sai a tambayi rumbun waɗanne yara ne ke kwana tare da mai ciwon.

Aikina shi ne in ƙirƙiro mutanen ƙarya masu yawa, in yi ta jefa wa rumbun tambayoyi, a auna saurinsa kafin masu saye su zo gwaji. Wanda ya riƙe kujerar kafina ya ƙirƙiro wasu irin mutane da ban taɓa gani ba: uba, uwa, 'ya'ya biyu, ba kawu, ba goggo, kamar daga sama suka faɗo. Ai dole rumbu ya yi gudu!

Ni kuwa na ƙirƙiro irin namu. Na sa auren zumunci, na sa makiyayan da ke tashi da kaka, na sa yaran da aka bai wa 'yan'uwa riƙo. Nan take rumbu ya shaƙe. Tambaya ta fita neman dangin mutum, ta bi ta wajen uwa, ta ɓullo ta wajen uba, ta dawo kansa, ta sake zagayawa kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Na sha wuya kafin na gano inda take maƙalewa. Na hana ta taka mutum ɗaya sau biyu, na taƙaita nisan da za ta bi. Ta yi sauri, amma ba ta kai saurin da aka yi wa masu saye alkawari ba.

Shugabanmu, mutumin Rabah ne fa, ya tsaya a bayana ya ce, "Malam, mi ad da nauyi haka?"

Na ce, "Zaren riƙo ne, yallaɓai."

"To cire shi. Ɗiya na iyayensu na."

"Yallaɓai, yaron da anka kai Lahodu wajen goggonai, can yake kwana. In munka cire, wa zai gane shi ran da ciwo ya shigo?"

Ya ce gwaji ne kawai, bayan an saya sai a mayar. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san abin da aka ci gwaji da shi, shi za a kai asibiti. Na ƙi. Ya sa wani ya cire, masu saye suka zo suka yi ta yaba sauri. Har na bar aikin ba a mayar ba.

Kafin in bar aikin, bayan an zuba bayanan mutanen gaske, na nemi dangantakata da goggon da ta ɗauke ni tun daga yaye, ta yi jinyar tawa kyandar a bayanta. Kafin in ɗauke yatsa amsa ta fito: ba mu taɓa zama gida ɗaya ba.