Motoci Biyu da Tiyon Jiratawa

Duk sun yi kuskure, har da ni da farko. Kowa ya ɗauka mota muke nema, sai kowa ya duƙa a kan inji. Maƙwabta suka ce a duba taya, wani ya ce a tabbata takardun duwan, wato kwastan, sun cika. Babu wanda ya ɗaga kai ya dubi sama. Alhali ɗakin kwana muke nema, mai taya, kuma wanda zai kama ɗaki rufi yake fara tambaya.

Ni da Inna sana'armu zogale. Muna saye a lambunan Jiratawa, mu shanya, mu ɗura a buhu, mu kai Tawa da Damagaram. Tun da na bar makarantar lise nake bin ta. Tafiyar ta kwana ce, kwanan kuma a tasha, bisa tabarma. Inna tana da ciwon fuka. Damanar da ta wuce ruwa ya ritsa da mu, ta kwanta a ƙasa mai laima, gari na wayewa muka ƙare a likita ana kara mata abin shaƙa a hanci. Na ce ba ta ƙara kwanan ƙasa. Ta ce ita kuma ba ta zaman gida kamar tsohuwar randa. Shi ya sa na yi permi na tuƙi, ita ta saida ɗan filin da ta gada. Fili ɗaya ne, babu na biyu. In na zaɓi mota mai ruɓa a ciki, na kulle ta ke nan cikin abin da zai shaƙe ta.

A Sabon Garin Maraɗi, wurin masu saida motocin Kwatano, muka sami guda biyu irin waɗanda Turawa ke yawon hutu da su: gado a baya, ƴan durowoyi na katako, da wata ƴar taga a rufi. Sun daɗe a ajiye, don ba mai son motar da ba ta ɗaukar fasinja. Ɗaya fara tas, har da labule. Ɗayar ruwan ƙasa, an shafe gefen tagar rufinta da baƙin danƙo, ga tabo a sama daga ciki kamar an watsa shayi.

Kawu ya zo daga Tibiri don ya taya mu dubawa. Yayan Inna ne, tsohon direban kamyo, babbar motar kaya. Ya sa aka tada farar, ya kara kunne, ya lumshe ido.

"Wagga ita ce mota," in ji shi. "Ji yadda take numfashi."

Dillalin ya washe baki. "Alhaji ya san abu. Wata tsohuwar Baturiya ce mai ita, kasuwa kaɗai take zuwa da ita."

"Da gado take zuwa kasuwar?" na ce.

"Ke ɗiyar nan," in ji Kawu, "bakinki dai."

Na buɗe ƙofar baya, ƙanshin turaren wuta ya doke ni. Nan kaina ya fara ɗaurewa. A gidanmu lokaci biyu ake kunna turare da rana: in za a yi baƙi, da in ɗaki ya fara warin damana. Na tambayi dillalin wanne ne daga ciki.

"Hajiya ƙarama, ai ku ne baƙin."

Wataƙila gaskiya ya faɗa. Wataƙila ba gaskiya ba. Na ce Inna ta shiga, tunda ƙirjinta ya fi hancina sanin laima. Ta zauna bakin gadon, ba ta jima ba sai tari. Na ce to, ga shi. Kawu ya ce hayaƙin turare ne, ko a gidan biki haka take yi. Ba ƙarya ya yi ba. Muka kai ta ɗayar, ruwan ƙasar, can ma ta yi tari, har da atishawa. Dillalin ya ce ƙura ce, ba a share ta ba. Shi ma ba ƙarya ya yi ba. Na tsaya tsakanin motocin rana na dukana, ban ƙaru da komai ba.

Bazara ce, an daɗe rabon da a ga ɗigon ruwa. Ko kwando ka kifa a Maraɗi a wannan lokaci, cikinsa a bushe yake. Na shiga waya na kalli Turawa suna bayani da Faransanci. Kowannensu na riƙe da wata na'ura da ake dangwalawa a bango ta faɗi laima. Na tambaya a garaji, aka dube ni kamar na ce a ba ni jirgin sama.

Sai na tuna da motopompa, injin ban-ruwa na mai lambun da muke sayen zogale wurinsa. Na ce wa dillalin gwajin hanya za mu yi, har Jiratawa, duka biyun. Ya yi ta ja. Kawu ya ce shi ya tsaya mana, sannan ya yarda, amma ya ce ƙafarsa ƙafarmu. Ban faɗa masa zancen ruwa ba sai da muka tsaya bakin lambu ya ga ana jawo tiyo.

"Haba! Wanki kika kawo ni?"

"Damana na kawo maka, Malam. Tana tafe ko ka so ko ka ƙi."

Muka fara da ruwan ƙasar. Na shiga na rufe, mai lambu ya saki ruwa bisa rufi. Ba a daɗe ba na ji sanyi a wuya. Daga kusurwar ƴar tagar nan yake ɗiga, daidai inda kan mutum zai kasance in ya kwanta. Na fito ina goge wuya, Kawu na dariya har da tafi.

"To, malamar lakkwal, kin gani da idonki."

Na shiga farar. Ruwa na dukan rufi kamar ganga, ina bin kowace kusurwa da tafin hannu. Ko ɗigo. Wallahi daɗi na ji, na ce shi ke nan, na huta. Na fito, aka kashe pompa, dillalin har ya fara zancen ranar da za a yi takardu.

Inna ce ta nuna da haɓa. "Wancan kuma na mene ne?"

Jikin farar ya riga ya bushe a rana, amma daga ƙarƙashinta, ta kusurwar baya, ruwa na zuba a hankali. Ba fari ba kamar wanda aka watsa, ja-ja ne. Na duba ƙarƙashin ɗayar, ƙasa har ta fara tsotsewa, babu abin da ke zuba. Na koma cikin farar, na jawo durowar ƙasa, na danna bangon da ke bayanta da yatsa. A bushe yake, amma ya lotsa kamar burodi.

Kawu ya ce hanyar ruwa ce Turawa suka yi da gangan, ba sa yin abu a banza. Dillalin ya ce akwai tankin wanke hannu a wajen, shi ne ke tsiyaya. Na ce tankin da ya shekara ba ruwa? Ya ce to ai yanzu ya samu. Na tambayi mai lambu, ya ce shi dai in ya ba ƙasa ruwa ya san inda ya tafi, na mota bai sani ba.

"Yaya," in ji Inna, "ni duk wadda aka ɗauka, in dai zan miƙe bayana."

"Ki gaya wa ɗiyarki. Wannan ruwan ƙasar, injinta ba ya kai ku Madawa bai tsaya ba."

Har muka dawo gari ina juya abin. Mai yoyo ta jiƙa ni, mara yoyo ta shanye ruwa ta fitar da shi da wani launi. Mai kyan inji ce nake tsoro, mai mugun inji ce na gane. Yana yiwuwa bangon farar haka aka yi shi da taushi, ban taɓa danna bangon motar Bature ba balle in kwatanta. Yana yiwuwa Kawu ya yi gaskiya, in bar mota lafiyayya in ɗauki wadda za ta zubar da mu a daji. Har yau ban san me ke cikin bangon nan ba, kuma dillalin ya ce ba a ɓalle masa ko ƙusa sai an saya. Ga hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma. Ga dillalin kuma ya aiko wai wani na son farar zai yi shagon ƙanƙara da ita.

To ya ɗauka, na bar masa. Inji in ya tsaya, a fili yake tsayawa, a kira makaniki. Abin da ke bayan katako kuwa sai ƙirjin Inna ya faɗa mini, a hanya, nesa da likita.

Ruwan ƙasar zan saya. Daga Sabon Gari garaji za ta wuce, ba gida ba. A ɓamɓare gadon da durowoyin da duk wani katako, a bar ƙarfe tsirara ina ganinsa. Mai walda ya cire tagar rufin ya liƙe wurin da kwano. Ta sha rana ƙofofi a buɗe, sannan in maida ta Jiratawa a sake sakar mata tiyo ina ciki. In na fito a bushe, in sa wa Inna katifarta. Kawu ya ce ba ya sake sa baki. Na ce ya zo dai ya ji injin, shi ne abin da ya iya.