Takardata a Akwatin Kawu

Yaran yanzu da waya suke neman lamunin karatu. Gwamnati ta biya musu kuɗin makaranta, sai sun samu aiki su fara biya. A majalisarmu ta unguwar Ali Kazaure a Jos kullum ana gardama a kai, wasu su ce tarko ne, wasu su ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ni ba na sa baki. Wanda ya ci bashin gwamnati ba ya zuwa gaishe ta a durƙushe kowace safiya. Ni bashin Kawu na ci.

Kawu yayan mahaifiyata ne, yana da shagon kayan gini a Titin Bauchi: siminti, kwanon rufi, ƙusa. Shekarar da na samu gurbi a jami'a mahaifinmu ya rasu, keken ɗinkinsa ma ya tafi a rabon gado. Inna ta je ta roƙi yayanta. Ya ce zai biya, amma rance ne, domin zumunci a ƙafa yake, ba a aljihu ba.

Ya kuwa biya, ba zan yi masa ƙarya ba. Yajin aiki ya yi ta jan karatun kamar ƙarangiya a riga, bai taɓa cewa ya gaji ba. Sai dai kowane zango sai na tsaya a bakin shago ya gama sallamar mai sayen ƙusa, sannan ya tuna da ni.

Ranar da na karɓo takardar digirina, Inna ta ce in kai wa manya su sa albarka, kamar yadda ake yi. Na fara da Kawu. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya yi addu'a mai tsawo, ya tofa. Sannan ya buɗe akwatin ƙarfen da ke bayan teburinsa ya saka ta, ya murɗa makulli. Haka yake yi da kowa. Wanda ya ɗauki siminti bashi, takardar filinsa yake bari.

"Kai ba ka da fili," in ji shi. "Wannan ce filinka. Ranar da ka biya, ka zo ka ɗauka."

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne irin na kawu da ɗan ƙanwa.

Bayan bautar ƙasa na dawo Jos hannu rabbana. Kawu ya ba ni aikin rubuta rasit da lissafin lodi, wai ana ragewa daga bashin. Shi ya raɗa mini Farfesa. In mota ta zo babu 'yan dako, sai ya ce, "Farfesa, a taimaka da ilimi a sauke buhunan nan." Yaran shago su tuntsire. Da kwafin takardar nake ta neman aiki, kuma babu wanda ya tsane ta kamar ni a lokacin.

Sai aka kira ni tantancewa a Abuja, aikin gwamnatin tarayya, irin wanda mutum ke yi har fansho. An rubuta ƙarara cewa kowa ya zo da takardunsa na asali. Muka tafi gidan Kawu ni da Inna bayan la'asar. Inna ta zauna a ƙasa, shi yana kan kujera yana yanke farce.

"Yaya, aro kawai. Ya je ya nuna ya dawo maka da ita."

"Wanda ya shiga Abuja da takarda, wa ya sake ganin ƙeyarsa?"

Na ce, "Kawu, to a haɗa ni da babban ɗanka ya riƙe ta, ni zan biya masa kuɗin mota."

"Ɗana ba ɗan rakiya ba ne. A kawo ko rabi ne, sai a yi magana."

"Yaya, da me zai biya in bai samu aikin ba?"

"Wannan kuma lissafin masu digiri ne, ni ban yi boko ba."

Inna ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe. Ya ce ta daina, kada maƙwabta su ɗauka mutuwa aka yi.

Na tafi da kwafin. Matar da ke duba takardu ta juya shi gaba da baya ta ce, "Oga, ina orijinal?" Na ce tana wurin kawuna. Ta ce to in turo kawun a ɗauke shi aikin. Na bayana a layi suka yi dariya, har da wani abokin karatuna ɗan Anguwan Rukuba, wanda daga baya ya ba ni haƙuri a mota. Shi an ɗauke shi.

Na koma rubuta rasit. Shekaru suka wuce, na haura shekarun da ake ɗaukar sabon ma'aikaci, Inna ta kwanta dama ba ta ga albashina ba.

Da Kawu zai tafi aikin hajji, ya tara mutane a ƙofar gidansa don sallama da neman gafara. Ya kira ni gaban kowa, ya miƙo mini takardata a cikin ambulan, ya ce ya yafe sauran bashin don Allah. Aka yi kabbara. Liman ya ce irin wannan riƙon zumunci ya yi ƙaranci a zamanin nan. Wani dattijo ya danna kafaɗata ya ce, "Durƙusa mana ka yi godiya." Na durƙusa.

"Duba ta da kyau," in ji Kawu. "Ko lanƙwasa babu. Da a hannunka take, da tuni ta yage." Sannan ya sassauta murya yadda maniyyata ke yi. "In akwai abin da na yi maka, ka yafe mini."

Kowa ya zuba mini ido yana jirana. Na ce na yafe. Allah ya san ƙarya nake yi, kuma da ita Kawu ya hau jirgi.