Kujerar Don Casimiro

Ranar Talata, huɗu ga Maris, ina tsakiyar wani littafin soyayya, saura shafi uku a ɗaura aure, sai mijina Wilfredo ya shigo ya ce Don Casimiro Urrutia ya rasu. A nan littafin ya faɗi daga hannuna.

Don Casimiro, kai ne ka tara abokanka uku shekara hamsin da suka wuce, lokacin da mutanen garinmu Camagüey ke ɗaukar saksofon, ƙahon busan nan na ƙarfe, kayan gidan rawa. Kuka jera kujeru huɗu, takardun kiɗa a gabanku, kuka busa a natse har limamin coci ya share hawaye ya buɗe muku ƙofa. Yau kowane lungu da yara hurhuɗu masu hana mutane barcin rana, duk jikokinka ne a busa.

Shekara bakwai kana zuwa gidanmu koya wa Wilfredo babban saksofon, mai muryar bajimi. Wata rana ina karatu a bakin kicin, jarumin littafina ya hau jirgin ruwa ya tafi, na yi doguwar ajiyar zuciya. Ka tsayar da darasi.

"'Yata, sake yi."

Na sake.

"Wilfredo, ka ji numfashi? Kai naka ko kyandir ba zai kashe ba."

"Haba Maestro, malamina, mutumin da babu shi fa take yi wa kuka!"

"To mu da muke busa, wa muke yi wa?"

Tun ranar, da Wilfredo ya tafi layin burodi sai ka miƙo mini saksofon ɗin. Layin burodinmu kuwa, Allah ya yi masa albarka, ba ya ƙarewa da wuri.

Jiya tsofaffin nan uku suka zo, don ba za su busa a addu'ar kwana tara da kujera ɗaya babu kowa ba. Wilfredo ya goge takalmi, ya sa rigar bikinmu, yana jiran a ba shi kujerarka. Babban tsofaffin, Don Hilario, ya kurɓi kofi, ya dubi rufin ɗaki, ya ce, "Yaro, wurin matarka muka zo. Wasiyyar Casimiro ce."

Mijina ya ƙi cin abinci. Ya ce in na hau kujerar nan, abokan wasansa na domino za su cinye shi ɗanye da dariya, kuma in zaɓa: ko shi, ko kujerar.

Allah ya jiƙanka, Don Casimiro, ya yafe maka kurakuranka, har da wannan rigimar da ka bar mini. Doña Eduviges, matar marigayi, ke da 'ya'yanki, Allah ya ba ku haƙurin rashi.

Na dafa wa Wilfredo baƙin wake da shinkafa yadda yake so, na ajiye a gabansa. Ranar Alhamis, ranar addu'ar, ni zan zauna a kujerar.