Goggo Hajjo da Ludayin Baba Talatu

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Goggo Hajjo, yayar mahaifina, a gidanmu na Fassi. Na so in rubuta addu'a kawai in yi shiru, amma wallahi raina a ɓace yake.

Kowane gida da abin da ya rufe. Namu shi ne Sa'adatu. Uwarta ta haife ta ba aure, ta rasu yarinyar tana rarrafe. Goggo ta ɗauke ta, ta goya, ba ta taɓa kiranta da wani suna ba sai "'yata". Manya duk sun sani. Ko mijinta, tun yana zuwa zance Goggo ta zaunar da shi a soro ta gaya masa gaskiya, ya ce ya ji ya gani.

Matsalarmu ɗaya ce, Baba Talatu, matar ƙanen babanmu, wadda magana ba ta kwana a cikinta. Goggo ba ta taɓa yi mata faɗa ba. Ranar biki ko suna, tun kafin baƙi su fara sallama sai ta miƙa mata ludayi ta ce, "Talatu, miyar taushen nan in ba ke ba, wa zai iya?" Shi ke nan. Baba Talatu ta wuni a bayan gida, cikin hayaƙi, tana fama da murhu tana jin daɗin yabo. Kafin ta wanke hannu baƙi sun watse. Muna yara muna dariya, ashe tsare gida ake yi.

To, bana Sa'adatu ta zo wankan gida, haihuwar fari. Da suna ya matso, yayyenmu na birni suka ce girkin murhu ƙauyanci ne. Aka yi odar shinkafa a robobi daga Rano, aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Baba Talatu, ba tukunya ba ludayi, ta ci ado ta zauna daf da uwar miji.

Uwar mijin nan tambaya kawai ta yi, "Jaririyar nan dangin uban mai jego ta biyo?"

Baba Talatu ta ce, "Ayya Hajiya, wa ya san shi balle kamarsa?"

Haba jama'a! A gaban mata cike da rumfa, mai jego na zaune da lalle a ƙafa! Uwar miji ta gyara mayafi, ta tattara mutanenta, ko ruwa ba su ƙara sha ba. An yi arba'in tuni, har yau ba wanda ya zo ɗaukar Sa'adatu. Mijin yana zuwa a kan mashin daga Rurum, ya ɗauki 'yarsa, ya sunkuyar da kai, ya koma shi kaɗai.

Da Goggo tana nan me za ta ce? Na san ba za ta tsaya zagin Baba Talatu ba, ta san halinta. Mu za ta duba, masu ilimi da wayoyi, ta tambaye mu wa ya bar matar nan hannu sake. Abin da ya fi ƙona mini rai, masu odar shinkafar har yanzu cewa suke taro ya yi kyau.

Goggo ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Ta bar yarinyar da ta girma ba ta taɓa sunkuyar da kai a taro ba, mu kuwa muka zubar da wannan a wuni guda. Allah Ya jiƙanki, Goggo. Jaririyar sunanki ta ci, kuma har yanzu tana ɗakinki ita da uwarta, suna jiran a zo.